Bunsurun Nowel da Wuƙar Maƙwabci

Tun da muka zo Gure maigidana bai taɓa yanka dabba da hannunsa ba. Ba wai bai iya ba ne. Mutumin da ke aikin jinya a likita, wato asibiti, yana ɗinke fatar ɗan Adam kamar mai ɗinkin buhu, ai wuyan bunsuru ba zai gagare shi ba. Dalili shi ne mu Kirista ne, unguwarmu kuwa daga ƙofar gidanmu har inda rairayi ya cinye hanya duk Musulmi ne, kuma yankan namu ba ya shiga bakinsu. Ni kuma ban ga amfanin in dafa shinkafa da nama ranar Nowel, ranar haihuwar Almasihu, mu rufe ƙofa mu ci mu kaɗai kamar ɓarayi ba. Su ma da Sallar layya ba mu rasa cinya ko haƙarƙari daga gidajensu. Haka aka saba tun a ƙauyenmu can wajen Maradi, haka na zo da shi.

Mai yanka mana maƙwabcinmu ne, tsohon farken kanwa, Babarbare, dogo siriri, mai ƙarancin magana. Baba nake ce masa, matarsa kuma Iya. Katangar ƙasa ɗaya ce tsakaninmu, in na yi ɗage ina hango turminsu. Sau ɗaya kawai na taɓa roƙonsa, a shekararmu ta fari. Daga nan ba a sake magana ba. Ni dai nawa in je kasuwa in zaɓo bunsuru a hannun Fulanin da ke fitowa daga wajen Bune, in ɗaure shi a gindin katanga. Bunsuru kuwa ba ya ɓoye kansa, ga kuka ga wari. Kafin rana ta faɗi sai in ji muryar Baba ta bayan katanga yana cewa ya ji baƙo ya sauka, yana fatan dai bana ba ƙashi na sayo ba. Ni kuma in ce masa ya bari sai ya gani, haƙoran da suka rage masa ma ba su kai su yi gardama ba. Ranar jajibiri da hantsi sai ya yi sallama, wuƙarsa a cikin kube, ya tona ɗan rami, ya juya dabbar gabas, ya yi bisimilla. Wuya nasa ne, shi ne ladan mai yanka. Kashegari in zuba abinci a kwanoni, yarana su bi gida gida. Kwano kuma ba ya dawowa wofi. Wani da dabinon kwari, wani da cuku, wani da ɗan gero, gidan Baba kullum da jar kanwa.

A haka na haifi ƴaƴana, a haka na yi furfura.

Sai wata Juma'a, ba da daɗewa ba bayan wata Nowel ɗin, aka sauko daga masallaci da wani fushi da aka ce daga ƙasashen waje ya samo asali. Mu ba mu san hawa ba, ba mu san sauka ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji kururuwa, na ɗaga kai na ga hayaƙi ta wajen ɗakin sujadarmu. Ba zan tsaya ba da labarin wannan rana ba, har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. An ƙone ɗakin, an ƙone gidan fasto, ya kwashe iyalinsa ya koma Damagaram. Gidanmu ba a taɓa shi ba. Wasu sun ce Baba ne ya zauna a ƙofarmu da carbinsa, wasu sun ce ba a dai biyo ta layinmu ba ne. Ni ina ƙarƙashin gado da yara, ban ga komai ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba. Kashegari maigidana ya tafi aiki, aka kawo masa wani saurayi da ƙuna a hannu. Ya wanke, ya ɗaure, bai tambaye shi inda ya samo ta ba. Da ya dawo gida bai ci abinci ba.

Muka tura yara Maradi wurin kakarsu. Gida ya zama fayau. Mu da muka rage a gari ba mu da yawa, malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da ƴan ma'aikata da wasu sojoji ƴan yamma. Muka kafa rumfar zana a cikin kangon ɗakin sujada muna taruwa ranar Lahadi, muna waƙa ƙasa ƙasa kamar masu zaman makoki. Ƙarfen ƙafar mota da muke bugawa a madadin ƙararrawa yana nan rataye a jikin itacen bedi, wuta ba ta ci shi ba, amma ba wanda ya sake ɗaga hannu ya buga shi. Ga kuma labaran gabas, kullum motoci na wucewa da mutanen da suka baro garuruwansu, da tabarmi da tukwane a ɗaure a sama. Kowa a gari a tsorace yake, Musulmi da Kirista. Sai dai mu namu tsoron biyu ne, na nesa da na kusa.

Maigidana ya fara maganar neman canjin wurin aiki. Ya ce shi ya gaji da kwana da takalmi a ƙafa. Ni na ƙi. A gidan nan aka binne cibiyar ƴaƴana, ni na dasa lemun da ke bayan ɗaki, na yi ta ɗauko masa ruwa a kai har ya kama. Na ce masa Ubangijin da ke Maradi shi ne a Gure. Ya ce ya sani, amma Ubangijin ne ya ba shi ƙafafu. Muka yi ta wannan har damina ta zo ta wuce, aka yi girbi. Da watan Nowel ya kama, ya ce mini lallai a yanke magana. Sai na ce to, mu bar wa bunsuru. In Baba ya zo ya yanka kamar yadda ya saba, muna da sauran zama a garin nan. In bai zo ba, ni da kaina zan ɗaure kaya. Maigidana ya dube ni ya ce ashe yanzu bangaskiyata a wuyan akuya take rataye. Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta, amma ban janye ba.

Na je kasuwa na sayo jan bunsuru mai ƙiba, mafi ƙarfin murya da na samu. Na ɗaure shi a gindin katanga, na koma na zauna ina tsinke zogale, kunnena a bayan katanga. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Na ji Iya na daka, na ji tarin Baba, na ji ƙarar butarsa. Rana ta faɗi ba wanda ya ce baƙo ya sauka.

Kashegari ma haka. Wanda bai san mu ba zai ce me ya hana in zagaya in tambaye shi, tunda ƙofa da ƙofa muke. Ba a haka. In na je na roƙa, na sa tsoho a tsaka mai wuya, ko ya ce a'a a kan idona, ko ya zo don kunya. Yankan kunya kuwa ba shi nake nema ba. Na dai sami Iya a wurin famfo, na gaishe ta. Ta amsa da kyau, ta tambayi yara, amma idonta na kan bokitinta, kuma bai cika ba ta ɗauka ta tafi.

Na san inda gizo ke saƙar. Babban ɗansu ya dawo gari a wannan shekarar, ya buɗe kanti, ya gina sashensa a cikin gidan. Ba mugun mutum ba ne, ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Amma ya zo da nasa karatun, yana ganin bai dace Musulmi ya sa hannu a bikin da ba nasa ba, balle ya ci abincinsa. Yaron da na sha goyawa, yanzu in maigidana ya gaishe shi sai ya amsa da ka. Da la'asar ɗin nan na ji muryoyi sun tashi a bayan katanga, da Barbarci. Barbarcina na cefane ne, ba ya kai ni ko'ina. Na dai ji muryar ɗan tana hawa, ta Baba tana ƙasa, na kuma tsinci kalmar Juma'a ana maimaita ta. Nowel ɗin shekarar kuwa ranar Juma'a ta faɗo.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. Jandarmomi suka aiko wa dattijon da ke riƙe mana sujada cewa mu yi mu gama da wuri, kowa ya kasance a gidansa kafin a kira salla. Matar wani malamin lakwal ta shigo mini, wai an ga wasu baƙi suna tambayar gidajen Kirista a tasha. Wata ta ce ƙarya ne, masu sayar da magani ne. Ba wanda ya san gaskiya, kowa dai ya ƙara da nasa. Mai kantin da nake sayen mai ya auna mini, ya miƙo, sannan ya ce a hankali, in da shi ne bana ba zai hura babbar wuta ba. Na tambaye shi ko ya ji wani abu ne. Ya ce shi bai ji komai ba.

Jajibiri ta zo, hantsi ya yi, rana ta take, Baba bai zo ba. Na share wurin da yake tona raminsa, na ajiye ruwa a buta, na sake sharewa. Maigidana ya jawo akwatunanmu daga ƙarƙashin gado ya kakkaɓe su ya jera a bakin ɗaki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A ranar na yi faɗa da Ubangiji, ba zan ɓoye ba. Na shiga ɗaki na durƙusa, addu'ar da aka koya mini tun ina yarinya ta ƙi fitowa. Sai na ce masa abin da ke raina. Na ce an ƙone ɗakinka kana gani, an raba ni da ƴaƴana kana gani, yanzu ɗan abin nan da na roƙa, tsoho ɗaya da wuƙa ɗaya, shi ma ya yi maka yawa? Na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Bunsuru ne kawai ke kuka a waje. Da na gaji sai na lura da wani abu: duk wannan faɗan da nake yi, da shi nake yi, ban juya na nemi wani ba. Mutum ba ya faɗa da wanda ya fid da rai a kansa. Na tashi na wanke fuska na jiƙa shinkafa.

Ranar Nowel muka yi sujada da sassafe, a gurguje. Dattijon ya yi mana karatu a kan jaririn da aka haifa a garin da ba a ba iyayensa masauki ba. Idon kowa na kan ƙofar kango. Ba a tsaya gaisuwa ba, kowa ya kama hanya.

Muna isa gida maigidana ya shiga madafa ya fito da wuƙar yanka albasa, ya zauna yana wasa ta a kan dutse. Ya ce tunda tafiya za mu yi, gara mu ci namanmu, ba zai bar wa mutane bunsuru ba. Na tsaya tsakaninsa da dabbar. Na ce in ya yanka, ba kwanon da zai fita daga gidan nan, kuma mu ne muka yanke zumuncin da hannunmu, ba su ba. Ya ce su sun riga sun yanke. Na ce rana ba ta faɗi ba tukuna. Muka tsaya muna kallon juna, mutum biyu masu furfura a kan bunsuru. Daga ƙarshe ya jefar da wuƙar a cikin kwando ya je ya sa wa ƙofa sakata.

Aka kira salla. Unguwa ta yi tsit, maza duk sun tafi. Daga nesa muna jin huɗuba a lasifika, iska na kawo ta tana mayarwa, ba a gane abin da ake faɗa. Muka zauna a inuwar ɗaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Daidai irin wannan lokacin ne, a irin wannan ranar, na ga hayaƙi.

Aka sallame. Muka fara jin takun mutane da hayaniya, kamar kowace Juma'a. Amma maimakon hayaniyar ta watse a bakin layi, sai ta riƙa matsowa. Na je na leƙa ta tsagar ƙofa. Baba ne a gaba cikin farar rigarsa ta Juma'a, wuƙa tsirara a hannunsa, mutane a bayansa sun cika layin. Na ga ɗansa a gefe, fuska a ɗaure. Na ga wasu fuskokin da ban sani ba.

Aka ƙwanƙwasa. Maigidana ya riƙe mini hannu yana girgiza kai. Ba zan ce jarumtaka na yi ba. Kuma ban san da me Baba ya zo ba, don a shekarar na koyi cewa ban san cikin kowa ba. A zuciyata na ce, Ubangiji, ko me ke bayan ƙofar nan, kai ma kana can. Na zare sakata.

"Wushe, ɗiyata," in ji Baba, da gaisuwarsu ta Barbarci. "Ina baƙon naki?"

Na matsa gefe don ya shigo. Bai ɗaga ƙafa ba.

"Bana ba a cikin gida zan yanka ba. Maigida, jawo shi nan waje."

Maigidana ya kwance bunsurun ya jawo shi. A tsakiyar layi Baba ya durƙusa da farar rigarsa, ya tona rami a cikin rairayi da hannu. Ya dubi mutanen ya ce a kama masa ƙafafu. Mutane suka yi ta kallon juna. Sannan wani tela na ƙarshen layi ya naɗe hannun riga ya fito. Baba ya juya dabbar gabas, ya ɗaga murya ya yi bisimilla yadda na bayan ma za su ji. Hannunsa ya tsufa, sai da ya ja wuƙar sau biyu. Jini ya fallatsa a rigarsa.

Wasu suka juya suka tafi tun kafin dabbar ta daina shure-shure. Ɗansa na cikinsu. Wasu suka tsaya suna kallo, ba yabo ba fallasa. Baba ya goge wuƙar da rairayi, ya miƙe da ƙyar. Na ce masa ashe da gangan ya bar ni kwana da kwanaki ina cin zuciyata. Ya ce da ya shigo jiya da hantsi a ɓoye, da an ce tsoho ne ya saci jiki don kunya. Sannan ya rage murya.

"Na yi na bana. Amma dubi hannun nan, ɗiyata. Baɗi ban san wanda zai riƙe ta ba."

Ya ɗauki wuyansa ya shige gida.

Abinci bai nuna ba sai bayan la'asar. Babu yaran da za su kai, don haka ni da kaina na ɗora kwanoni a faranti na bi gida gida, mace mai furfura a kan hanya. Wasu matan suka karɓa da hannu biyu suna sa albarka, wata tsohuwa har da hawaye. Wata ta karɓa ta bayan ƙyaure ba tare da na ga fuskarta ba. A wani gidan da na sha karɓar haihuwa aka ce mini daga ciki sun ƙoshi. Kwanonin suka yi ta dawowa har kwana biyu. Akwai mai dabino, akwai mai cuku, ga jar kanwar Iya. Ɗaya ya dawo da abincinsa, ko murfin ba a buɗe ba. Ɗaya ya dawo a wanke tas, ba komai a ciki, wannan ya fi yi mini ciwo. Wanda na kai sashen ɗan Baba kuwa bai dawo ba sam.

Maigidana ya dubi kwanonin a jere, ya dubi akwatunan. Ya ce wannan ai ba amsa ba ce, rabi da rabi ne. Na ce alkawarinmu a kan Baba ne, kuma ya zo. Sai ya tura akwatunan ƙarƙashin gado da ƙafa. Bai daina kwana da takalmi ba, ni ma ban daina farkawa in an buga ƙofa da ƙarfi ba. Amma na daina tunanin cewa sai tsoro ya tafi sannan mutum zai dogara. Tsoro da dogara tare suke kwana a gado ɗaya.

Baba ya rasu da damina. Maigidana ya bi gawa har maƙabarta, ya tsaya daga baya. Ni na zauna da Iya kwanakin zaman makoki ina taya su daka. Bayan ta fita takaba, wata rana da hantsi ta yi sallama, ɗauke da kwanon nan nawa da bai dawo ba. Na buɗe. Wuƙar ce a ciki, cikin kubenta, an naɗe da tsumma.

"Ya ce a kawo miki ajiya," in ji Iya. "Ba don ku yanka ba. Ya ce wanda ya zo nemanta ki ba shi."

Na tambaye ta wa zai zo. Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Da watan Nowel ya sake kamawa, labaran gabas ba su yi sauƙi ba, ɗakin sujada har lokacin rumfar zana ce. Na je kasuwa na sayo bunsuru, na ɗaure shi a gindin katanga. Ya yi kukansa. Bayan katanga yanzu muryar ɗan ce ke tashi, shi ne maigida. Ba wanda ya ce baƙo ya sauka, ba wanda ya zo neman ajiya. Ana gobe jajibiri da yamma na ciro wuƙar, na yi ɗage, na ɗora ta a kan katanga, mariƙinta na kallon gidansu, tsininta na kallon namu. Maigidana ya gani. Ya tambaye ni ko na san abin da nake yi. Na ce masa ban sani ba, amma na gaya wa Ubangiji inda na ajiye ta.

Da gari ya waye na fito na duba kan katanga, babu wuƙar. Na share wurin ramin, na zuba ruwa a buta, na je na zare sakata.